Kafin Tumatirin Bana Ya Ƙare

Zuwa ga ɗiyata Ummi, a Bron, gefen Lyon.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin kwana lafiya kin tashi lafiya. Ina baƙunta, ina karatu, ina kuma sanyin Lyon da aka ce ya fara leƙowa? Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, a cikin jirgin taram da kan titi, ya haɗa ki da abokan zama na gari, ya raba ki da sharrin abin da kike gani da wanda ba ki gani. Babanki yana gaishe ki.

Shekaranjiya kin aiko mini hoton kwandon kayan lambu a waya, kika biyo shi da murya kina dariya: "Mama, duba abin da suka ba ni. Rabinsa ban san sunansa ba, na makon jiya kuma ya ruɓe a ƙasan firigo. Yaya zan yi da shi?" Na ce miki ina cikin aiki, zan kira ki. Ba aikin da nake yi, Ummi. Ina zaune ne da wayar a hannu, na buɗa hoton iya buɗuwarsa, na kai shi har bakin hancina, ban ga komai ba sai kore da ja sun cuɗe da juna. Kin san idona na hagu ya daɗe da tafiya. Abin da na ɓoye miki kafin ki hau jirgi shi ne na dama ma ya bi bayansa. Likita bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce maganin ɗigawa zai rage masa sauri ne kawai, ba zai tsayar da shi ba. Na ɓoye ne don kada ki fasa tafiya. Yanzu da kin zauna a ɗakinki kin fara shiga aji, ba ni da sauran dalilin yin shiru.

Shi ya sa nake rubuto miki wannan da alƙalami mai kauri, da safe a bakin taga lokacin da haske ya fi yawa, shafi biyu ko uku a rana. Abin da na sani game da kwandon nan a hannuna yake da idona, ban kuma koya miki ko ɗaya ba. In ban zuba shi a takarda bana ba, ban san da me zan rubuta shi baɗi ba.

Na yi mamaki da kika shiga ƙungiyar kwando a can, ke da kika girma kina ƙorafi duk Laraba in na dawo da jaka cike da ganye da ƙasa. Kin dai san ƙa'idar, irin tamu ce ta nan Aubervilliers, gefen Paris. Mutanen unguwa su haɗu su ɗaura alkawari da manomi guda na shekara, shi kuma kowane mako ya kawo abin da gona ta bayar a raba. Ba zaɓi. Da bazara kaya su yi miki yawa har ki rasa inda za ki sa ƙafa a kicin, da sanyi kuwa sai shu, wato kabeji, da karoti da dankalin turawa har ki gaji da ganinsu. Duk dabarar ita ce ki ɗauko daga watannin yawa ki kai wa watannin babu. Ni na daɗe ban gane wannan ba, kuma abin da na zubar kafin in gane, Allah kaɗai ya san yawansa.

Shekarar da na fara shiga, ƙarshen Satumba manominmu ya kawo tumatir kamar zai rufe mu da shi. Sai na ce a raina, ai wannan ba sabon abu ba ne. Na tashi a Damagaram ina ganin Inna, kakarki da kika ci sunanta, tana yanka tumatir tana shanyawa a kan tabarma bisa soro. Kwana uku ya zama kauɗa, a zuba a buhu, a yi ta miya da shi har damina. Na yanka nawa gida biyu-biyu, na jera a faifai da tire, na fitar baranda. Ban tsaya na tambayi kaina wace rana ce za ta busar da shi ba. Ranar Paris ta wannan lokaci fitowa take ta gaishe ki ta koma. Dare ya yi raɓa ta sauka, washegari yayyafi. Ina shigo da shi ina fitarwa kamar mai jinya. A rana ta huɗu babanki ya ɗaga faifan ya duba, ya ce, "Malama, kauɗar nan taki ta riga ni furfura." Funfuna ce fara sol ta rufe shi, ƙasansa kuma baƙi. Na yi dariya a gabansa, na shiga bayi na yi kuka, don ba tumatirin ne ya dame ni ba. Na gane cewa abin da nake taƙama na sani, kallonsa kawai na yi daga nesa ina riƙe da littafi.

Kada ki shanya komai a waje a ƙasar nan bayan Agusta. In gidan da kike akwai fur, tandar gashin nan, a kicin ɗin da kuke tarayya, ki yanka tumatir, ki matse ƴaƴan, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki sa a wuta mafi ƙanƙanta, ki tokare ƙofar da cokalin katako don tururi ya fita. Zai ci miki yini. In ya yi tauri kamar fata babu damshi ko kaɗan, ya yi. In kuwa babu fur, ki dafa shi kawai har ruwan ya tsotse, ya huce, ki zuba a ƙananan leda ki baje su fale-fale, ki sa a wurin ƙanƙara na firigo. Barkono shi ne mai sauƙin kai, ki soke shi da allura da zare ki rataye kusa da shofaj, abin ɗumama ɗaki, zai bushe da kansa.

Abin da kika ce ba ki san sunansa ba, ni ma shekara biyu na yi ina jefa irinsa a shara. Akwai wani ganye mai faɗi mai farin kara, sun ce masa bilet. Na ɗauka abincin zomo ne. Ganyen radi mai ɗan jan tushe, ganyen karoti, koren saman puwaro, wannan albasa mai tsawo, duk ina isa gida nake datse su in zubar. Ina jiran alayyahu da rama da zogale, abubuwan da gonar nan ba za ta taɓa haifa ba, ina kuma hawa jirgin metro har unguwar Belleville in sayo su a yamushe cikin leda. Wata Laraba manomin ya gan ni ina karya ganyen radi tun a zauren rabo ina sa wa a kwandon shara. Dattijo ne marar yawan magana, hannuwansa duk sun faffashe. Ya ce, "Madam, wannan ma ni na shuka shi." Kunya ta sa na kwashe na kai gida, na dafa na matse, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Babanki ya ci ya ce wa ya zo daga gida.

Don haka kada ki tsaya wa suna. Ki gutsura ki ɗanɗana, ki tambayi harshenki da me ya yi kama a cikin namu. Bilet alayyahu ne a miyar taushe, karansa kuma ki soya da albasa. Kabewarsu duk wadda suka ba ki, mai wuya ko mai kama da tulu, kabewa ce, kuma ita ce ba ta gaggawa, ki aje ta a wuri mai sanyi marar damshi za ta kai wata biyu ko uku. Koren puwaro ki yanka siriri ki baza a tire kusa da shofaj, in ya bushe ƙamshinsa na gabu ne sak. Ranar da kwando ya zo, kafin ki cire takalmi, ki raba shi: abin da zai mutu cikin kwana biyu, salati da ganyaye, shi za ki fara ci. Ganyen da ba za ki iya cinyewa ba ki tsoma a tafasasshen ruwa minti biyu, ki tsame ki sa a ruwan sanyi, ki matse ki dunƙula, ki kai ƙanƙara. Karoti da radi ki raba su da ganyensu nan take, in ba haka ba ganyen zai shanye su su yi laushi. Dankali a duhu, kuma nesa da albasa.

Akwai kuskuren da har yau nake tunawa da tsoro. Kin san a gida in ana son miya ta kwana biyu, soya ta ake yi da mai har ya taso ya rufe ta. Na ɗauko wannan tunanin na ce mai shi ne maganin lalacewa. Wata shekara koren wake ya yi yawa, na ɗan dafa shi, na cusa a kwalabe da tafarnuwa, na cika da mai, na jera a kabad ina jin daɗin kaina. Har na ɗauki guda na kai zauren rabo don in nuna. Matar manomin, wadda takan zo taya shi awo, ta karɓa ta taɓa murfin, ta ga ya kumbura. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Kin ba wani ya ci?" Na ce a'a, sai ranar Juma'a. Ta ce, "Kina da yarinya ƙarama, ko? Ki je ki zubar da su duka yau, kada ki buɗe, kada ki ɗanɗana. Irin wannan gubar ba kullum take wari ba." Shekarunki huɗu lokacin, kuma koren wake shi ne abin da kika fi so. Na dawo gida na tarar kina wasa a ƙasan kabad ɗin.

Ummi, ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. Mai ba ya tsare kayan lambu a kabad. Koren wake, karoti, tafarnuwa, kabewa, duk abin da ba shi da tsami, ƙanƙara ce wurinsa, ko ki jiƙa shi a ruwan tsami na binegar da gishiri ki bar shi cikin firigo. Tumatir zalla shi ake sa wa a kwalba, babu mai, babu albasa, babu nama. Ki tafasa kwalaben da murafensu, ki zuba shi da zafinsa, ki ƙara cokali biyu na ruwan lemun tsami a kwalbar lita guda, ki rufe, ki nutsar da su a tukunya ruwa ya shanye kansu, su tafasa awa guda cur. In sun huce ki danna murfin. In ya lotsa ciki bai motsa ba, ya kama. Wanda ya yi ƙara ko ya kumbura, kada ki yi masa tausayi.

A gida in abu ya yi yawa ba a tunani, zubawa ake a kwano a kai maƙwabta. Na yi haka a benenmu sau ɗaya. Na ɗauki shu guda biyu da salati na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Mutumin ya buɗe kaɗan, sarƙa na maƙale, ya dubi hannuna ya ce, "Ni ban ce a kawo mini komai ba, madam." Ya rufe. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda ya kamata, na rantse ba zan ƙara miƙa wa kowa komai a ƙasar nan ba. Na kuwa cika rantsuwar shekaru. A duk tsawon shekarun nan, kowace Asabar falona cike yake da ɗalibanmu sababbin zuwa, ina gyara musu rubutu, ina koya musu cika takardun zama, ina yi musu huɗuba a kan haƙuri da naci. Shayi da biskit nake ba su. Ban taɓa tambayar me suke ci ba. Sai wata rana wata yarinya ƴar garin Tawa ta biyo ni kicin da kofuna, ta ga ina ɗaure ledar ganyen da ya fara yaushi. Ta yi ta murza hannu, can ta ce, "Tanti, in zubarwa za ki yi, ki ba ni." Sati uku ke nan taliya da gishiri take ci. Ni da nake ganin na san matsalar yaran nan ciki da waje.

Mutum guda ya rufe mini ƙofa, na hukunta yara masu yawa da ba su san an yi ba. Ke kada ki yi haka. A gidan ɗaliban da kike, akwai mai jin yunwa a hawanku, kuma ba zai faɗa ba. Kada ki kai masa ɗanye a ƙofa. Ki dafa tukunya babba ki ce ta yi miki yawa, a zo a taya ki.

Yanzu wanda na fi jin nauyin faɗa. Ba da daɗewa ba kafin Inna ta rasu, ta ba wani mai dawowa daga hutu ƙullin zane ya kawo mini. Busasshiyar kuɓewa ce da kauɗa da yakuwa, duk da hannunta ta shanya. Na ɗebi kaɗan sau ɗaya na yi miya, ranar ba kya gida. Da labarin rasuwarta ya zo, ban samu zuwa ba, sai na ɗora ƙullin a saman kabad na ce sai wata babbar rana. Salla ta zo na ce ba wannan ba. Kika gama firamare na ce ba wannan ba. Babanki yakan ce, "Malama, kuɓewar Inna fa?" in ce ya bari tukuna. Sanyi biyu ya wuce. Ranar da na sauko da shi, ina kwance ƙullin ƙwari suka watse a kan teburi. Babu kuɓewa, sai gari da saƙa. Abincin ƙarshe da uwata ta yi mini, ƙwari na ba. Ke kuma ba ki taɓa sanin ɗanɗanon hannunta ba, alhali yana saman kanki shekara biyu.

Duk abin da kika adana, ki rubuta sunansa da watan da kika yi shi a jiki, kuma ki cinye shi kafin irinsa ya sake nuna a gona. Kada ki jira wata rana. Ranar da kika dawo daga aji a gajiye, ruwa ya jiƙa ki, ita ce ranar.

Inna ba ta taɓa sa ni aikin soro ba, don ina makarantar boko. In na miƙa hannu sai ta ce wa ƴan'uwana, "Ku bar ta, ƴar lakwal ce, hannunta na biro ne." Ina jin daɗin maganar a lokacin. Na zo nan na koyi abin da wahala, da asara, a bakin baƙi, sannan na juya na yi miki daidai abin da aka yi mini. Sau nawa kika jawo kujera kika tsaya kusa da ni kina cewa, "Mama, ni ma in yanka," ina ce miki ki je ki yi aikin lakwal? Na koyar da ƴaƴan mutane da yawa, har yau suna kirana daga garuruwa suna godiya. Tawa guda ɗaya kuwa tana tsaye a Bron gaban kwando ba ta san sunan abin da ke ciki ba. Kuma takardar nan, na sani, ba za ta maye gurbin komai ba. Zan iya rubuta miki awa guda da cokali biyu. Ba zan iya rubuta miki kalar da tumatir yake komawa in ruwansa ya tsotse ba, ko yadda ake gane tabon da za a yanke da wanda za a jefar da ƙwayar gaba ɗaya. Wannan sai an tsaya tare ana kallo, ni kuma kallon ne yake ƙare mini.

Larabar da ta wuce na je zauren rabo. Da lalube na ɗebi rabona, na sa hannu a akwatin da ba shi ba har sau biyu. Manomin ya cire abin da na ɗauka ya musanya. Na gaya masa ba zan sabunta alkawari ba, ya ba wasu gurbina, akwai masu jira. Makon jiya na zuba wa babanki miya daga kwalbar da ta yi funfuna ban gani ba, shi ya gani ya ture kwanon ya ce ba ya jin yunwa. Ba zan jira ranar da shi ma ba zai lura ba. Manomin ya ce, "Sauran mako uku tumatir ya ƙare, madam. In aje miki akwati?" Na ce ya aje guda.

Shi ne na ƙarshe da zan yi. Yanka zan iya da hannu, amma ba zan ga ruɓa ba, ba zan ga ko kwalba ta fita tas ba. Babanki ya ce zai duba mini, ya kuwa iya, amma ba shi nake so ya koya ba. In akwai Asabar da Lahadi guda cikin makonnin nan uku da za ki iya barin Lyon, ki zo. In karatu bai bari ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba, ni na raine ki a kan haka. Zan raba wa yaran Asabar shi ɗanye, shi ke nan.

Allah ya kiyaye ki daga cuta da haɗari da mugun abokin tafiya, ya ba ki sa'ar karatu, ya sa albarka a abin da kike ci. Allah ya bar miki idanunki har tsufa, ya jiƙan Inna. Ki yafe mini abin da na hana ki ina ganin gata nake miki.

Kada ki ba ni amsa a takarda, kada kuma ki rubuto a waya. Saƙonninki uku na ƙarshe babanki ne ya karanta mini. Ki kira ni in ji muryarki.

Wassalam.

Mahaifiyarki.